Kafin Ki Ce "Na Gargajiya Ya Fi": Abin da Ya Kamata Uwa Ta Sani

A 'yan shekarun nan wata magana ta yi ƙarfi a bakin iyaye mata, ana jin ta in an tashi daga taron Zumuntar Mata ko a gidan suna: a koma ga abin da Allah ya halitta. A rage madarar gwangwani da taliyar leda da lemon kwalba, a koma ga acca da tamba da zogale, a shafa wa yaro man kaɗe a bar man kanti. Wasu tsadar kaya ce ta koro su, wasu kuma tsoron abin da ake zubawa cikin kayan gwangwani. Ni ma ina cikin masu wannan ra'ayi. Nonon uwa da ɗan lambun bayan gida sun ɗauke mafi yawan abin da yaro yake bukata, kuma ba su cin kuɗi.

Inda maganar take zamewa shi ne, da zarar an ce abu "na gargajiya ne" ko "daga itace aka samo shi", sai a daina tambaya. To, tumfafiya ma Allah ne ya halicce ta, amma ba uwar da za ta ɗiga wa ɗanta ruwanta a ido. Na kanti ma ba a rufe ido a karɓa. A ƙarshen 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara aƙalla 84 a Najeriya, har da wasu a Zariya, saboda gubar da ta shiga cikinsa ta lalata musu ƙoda. Magani ne a kwalba, da takarda a jiki, na ciwon da ma ba ya bukatar magani: yaro mai fitar haƙori a ba shi abu mai tsabta ya ciza, ko uwa ta wanke hannu ta murza masa dasashi, ya isa. Saboda haka ko daga daji abu ya fito ko daga kyamis, tambaya ɗaya ce: me yake yi a jikin yaron nan, kuma wa ya auna?

A kan nono, masu son na halitta da likitoci bakinsu ɗaya. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa wanda a wasu gidaje ake matsewa a zubar wai datti ne, shi ne rigakafin farko da yaro yake samu, kuma shi yake taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Daga nan nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Hannatu ma ba ta kai Sama'ila Shilo ba sai da ta yaye shi.

Kalmar "zalla" ce take ba mu wahala. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 suke shan nono zalla. Sauran kusan duka suna shan nono, sai dai ana haɗa musu da wani abu, yawanci ruwa. Hujjar ita ce zafi: yaya za a bar ɗan mutum ba ruwa a watan Afrilu? Amsar tana cikin nonon. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda yake fara zubowa in yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi yake kashe ƙishi, mai maiƙon yana biyo baya. In ana zafi, uwa ce za ta sha ruwa da yawa ta yawaita ba da nono. Ruwan randa da aka ba jariri yana cika masa ɗan cikinsa ya rage tsotso, nono ya ragu, kuma ta nan zawo yake shiga. Mu Kirista muna da namu irin: ruwan da aka yi wa addu'a, da man zaitun na shafewa da ake ɗiga wa jariri a baki. A yi masa addu'a, a ɗora masa hannu, amma bakinsa na nono ne. Zuma kuwa, duk da daɗinta da amfaninta ga manya, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin takan ɗauki ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya kashewa ba, wadda take shanye masa jiki har numfashi ya gagara.

Uwar da take zuwa aiki ko kasuwa tana iya tatsa a kofi mai murfi, ya yi awa 4 a ɗaki mai sanyi bai lalace ba, a ba yaro da ƙaramin kofi ko cokali. Bulumboti yana da wuyar wankewa. Wadda kuma ciwo ko wani dalili ya hana ta shayarwa, kada a sa ta a bakin duniya a majami'a. Ta nemi shawarar ma'aikaciyar lafiya, a taimake ta da kuɗin madara.

Makon farko shi ne lokacin da kowace baƙuwa take zuwa da maganinta. Cibiya ce aka fi yi wa karambani: toka, man goge baki, gishiri, gashi da tsumma mai zafi, a wasu ƙauyuka har kashin shanu. Cibiya buɗaɗɗiyar ƙofa ce zuwa jinin jariri. Ta nan tetanus yake shiga, ciwon nan da yake kulle wa jariri muƙamuƙi ya kasa tsotso, jiki ya sandare. Abin da asibiti yake bayarwa yanzu wani ɗan man shafawa ne mai suna chlorhexidine, mai araha. A wanke hannu, a shafa, a bar wurin a buɗe ya sha iska, kada a haɗa shi da komai, kada kuma ya kusanci ido. Cibiyar za ta faɗi da kanta, ba gasa ake yi ba.

Sai farin kafur ɗin nan da muke jefawa cikin akwatin kayan jarirai don ƙamshi da korar kyankyaso. Yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, ana haifarsu da wani rauni a jini da likitoci suke kira ƙarancin G6PD. Irin wannan jariri in ya shaƙi kafur ko ya sa rigar da ta kwana cikinsa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi. A fitar da kafur daga ɗakin mai jego, a wanke kayan a shanya a rana. Kullum a duba jariri a hasken rana, ba na fitila ba: farin ido, dasashi, tafin hannu da na ƙafa. In rawaya ta bayyana tun ranar farko, ko ta sauko har ciki da ƙafafu, ko yaro ya yi laushi ya ƙi nono, ba maganar shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gwanda ba ce. A kai shi inda za a auna jini a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Shawarar da aka bari ta hau kai tana barin yaro da kurumta ko naƙasar da ba ta warkewa.

Kwalli na dutse da ake rambaɗa wa jarirai yawanci dalma ce a cikinsa, dalma kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da an ga alama ba. Cire belu wurin wanzami ba ya maganin amai ko tari, sai dai zubar jini da shigar cuta ta aska. Waɗannan biyu a bar su kawai.

Ita kanta mai jego akwai abin da ya shafe ta. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, yawan da ya zarce na kusan ko'ina a duniya. Sun danganta abin da wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai yawa, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya nauyi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙara da wasu dalilai, kamar rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ko ma wanne ya fi laifi, wanka da ruwa mai ɗumi ya wadatar, kanwa kuma a yi mata ɗan kaɗan ko a bar ta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta sai an tokare ta da matasai, take tarin dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata itace a murhu. Zuciya ce, asibiti za a nufa ranar. Abin da yake da kyau a al'adar jego, wato hutun kwana 40, da a ɗauke wa mace aiki, da farfesu da kunun gyaɗa, wannan a riƙe shi da hannu biyu. Yawancin matan birni yau shi suka rasa.

Inda na fi so mu daɗe shi ne bayan wata 6, domin a nan ne yaranmu suke fara ramewa, kuma a nan ne gonarmu ta fi kanti nesa ba kusa ba. Wancan binciken na 2018 ya ce kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Ba duka ba ne rashin hatsi ya jawo. Sau da yawa kunun ne. Ana tace koko a tsinka shi da ruwa har ya zama ana iya sha a bulumboti, a zuba sukari, yaro ya sha cikinsa ya yi tim, uwa ta ce ya ƙoshi. Cikin ɗan wata 7 bai wuce kofin shayi ɗaya ba. In ruwa ya cika shi, ina abinci zai shiga? Kunun yaro ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube nan take ba.

Sannan hatsi shi kaɗai ba ya gina jiki. Garin da ake kira Tom Brown, wanda ma'aikatan lafiya suke koya wa mata a wuraren da tamowa ta yi yawa, ba wani abin Turawa ba ne duk da sunansa: gero ko dawa ko masara awo 6, waken soya awo 3, gyaɗa awo 1. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, a sussuke ɓawon waken soyan, a haɗa a kai inji. Waken soya dole ya soyu sosai, in ba haka ba yana kumbura ciki. In za a dama, a ɗebi cokali 2 ko 3, a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa ana juyawa har ya nuna. In an sauke sai a ƙara abin da gida yake da shi: ɗan manja, garin busasshen kifi da aka daka har ƙaya ta mutu, ko garin zogale rabin ƙaramin cokali. Zogalen a inuwa ake shanya shi, rana tana cinye amfaninsa. Mutanen Filato da Kudancin Kaduna suna da tamba, wadda ta fi sauran hatsi sinadarin ƙarfafa ƙashi, ga acca mai saurin narkewa a ciki. Gwaten acca da aka zuba wa alayyafo da yakuwa da gyaɗa, aka dama ya yi laushi aka rage yaji, cikakken abincin yaro ne. Kabewa, gwanda, mangwaro da dankalin Hausa mai jan ciki suna ba da sinadarin da yake kare ido. Ba a sa wa ɗan ƙasa da shekara dunƙulen ɗanɗano ko gishiri mai yawa. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙara jini, lemon zaƙi ko 'ya'yan kuka suna taimaka masa.

Ƙwai fa? Har yanzu akwai gidajen da kaji suke yawo a tsakar gida, ana tara ƙwai a kai kasuwa a sayo biskit, yaro bai taɓa ɗanɗanawa ba wai kada ya zama ɓarawo. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba. Dafaffen ƙwai ɗaya da aka murmushe cikin kunu ya fi duk abin da kuɗinsa zai sayo a shago. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a rana ban da nono, daga wata 9 sau 3 ko 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa daban. Yaron da aka haɗa da yayyensa a faranti ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun suɗe.

Hatsin ma sai an kula da ajiyarsa. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin, wadda take lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Gyaɗar da ta yamushe, ta canja launi ko take ɗaci, a zubar. Abin takaici irinta ce ake warewa a ce ta ƙuli-ƙuli ce ko ta kunun yara, mai kyan a kai kasuwa. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba. Wake kuma kada a zuba masa fiya-fiya don tsoron ƙwaro. Akwai buhun PICS da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In an ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai murfi da aka cika har baki tana yin wannan aikin.

In ciwo ya zo, zawo ne ya fi yawa, kuma maganinsa na farko yana kicin. Ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. In akwai na ƙunshi da ake sayarwa a kyamis, shi ya fi, a haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali ko yana amai, kada a tsayar da nono ko abinci. Kuma a daina cewa zawon haƙori ne a zauna. Yaro mai fitar haƙori yana rarrafe yana kai komai baki, ƙazanta ce take sa shi zawo.

Zazzaɓi kuwa, na san tukunyar ganyen dogon yaro da na mangwaro da ake sirace da ita. Babba ya yi in yana so. Amma ga abin lura: maganin zazzaɓin cizon sauro da asibiti yake bayarwa yau, daga ganye aka samo shi. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta ciro shi daga wani tsiro da magabatansu suke amfani da shi, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Bambancinsa da tukunyarmu awo ne: an san adadin da yake kashe cutar, an san na yaro mai kilo 10. Tukunya ba wanda ya san ƙarfinta, yau ta yi tsinke gobe ta yi kauri, hantar yaro kuma ƙarama ce. A yi gwajin jini na ɗan yatsa, in ya nuna a ba da maganin kwana 3 cif, ko yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. A kwana cikin gidan sauro. In masu rabon maganin damina na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 sun ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe musu.

Akwai alamun da ba a kwana da su: jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, yaro ya kasa tsotso ko sha, yana amayar da komai, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, haƙarƙarinsa yana shigewa ciki in ya ja numfashi, ko jijjiga. Uwa tana iya ƙirga numfashi da agogon waya: 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa shekara, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. In yaro yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa manja ko wani jiƙo, kada a kai ƙafarsa wuta.

A nan ne bangaskiya take shigowa, kuma a nan wasunmu suke tuntuɓe. An sha kai yaro mai jijjiga gidan addu'a a kwana ana tsawata wa aljani, sai da asuba a nufi asibiti. Ban ga inda Littafi Mai Tsarki ya raba addu'a da magani ba. Ranar da Allah ya ji kukan sarki Hezekiya, annabi Ishaya ya sa a kawo curin ɓaure a ɗora masa a kan marurun. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara su suka gina asibitocin Wusasa da Vom da Garkida, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar. A kira Baba Fasto a waya ya yi addu'a ana kan babur. Haka rigakafi: na ranar haihuwa, na mako 6 da 10 da 14, na ƙyanda a wata 9 da maimaicinsa a wata 15. Wasu masu wa'azin "komai na halitta" a intanet suna tsorata iyaye da shi. Su tambayi kakanninmu yara nawa baƙon dauro yake kwashewa a unguwa ɗaya kafin zuwan allurar.

Man kaɗe da sabulun salo sun ishi fatar yaro, har da lokacin hunturu. A yi hattara da man da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp wai haɗin gida ne na halitta mai sa yaro ya yi haske. Abin da yake sauya launin fata cikin mako biyu ba karas ba ne, akwai magani mai ƙarfi a ciki, fatar jariri kuma tana tsotse shi zuwa jini. Launin da Allah ya ba yaron ba ciwo ba ne. Girkin itace ma na gargajiya ne, amma hayaƙinsa yana cin huhun yaron da yake goye a baya, a girka a fili ko a sauke shi. A sanyin Jos ko Mambila kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, iskarsa ba ta da wari, tana kashewa cikin barci.

Waya ita ce sabuwar mai reno. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 ba shi da abin yi da kallon allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yaro a bakin mutum yake koyon magana: tatsuniya, waƙar sujadar yamma, surutun uwa tana tsince shinkafa yana gefe yana ɓarna.

Mafi wuya a duk wannan ba sanin ba ne, surukuwa ce, ko mahaifiyarki da ta zo zaman jego da ƙullin kanwa da kwalli a jaka. Ta haifi takwas ta raya, ke kuma ɗaya kika haifa jiya. In kika ce mata "an hana", kin zage ta. Abin da na ga yana aiki shi ne a fara tun da ciki: ki roƙe ta ta raka ki awo, ta ji daga bakin nas mai furfura irinta. Maigida ya san komai tun da wuri, domin uwarsa ta fi jin tasa. Ki bar mata abin da ta fi ki iyawa, wankan jariri da goyo da dama kunu da tausa da man kaɗe. In ta ɗauko ruwa za ta ba shi, ki ce, "Mama, ba ni in sha, ya same shi a nono." Sau da yawa dariya za ta yi ta miƙo miki kofin. In kuma ta nace a kan cibiya ko belu, nan ba wurin kunya ba ne, ɗanta ne zai yi magana, ke ki riƙe jaririn.